Azumin da Na Taka wa Malam Keke

Azumin bana ya zo da irin zafin da ke sa mutum ya shiga ɗaki ya manta abin da ya je ɗauka. Tun da hantsi bango ke ɗaukar zafi, kafin azahar ko tabarma ba ta kwantuwa. Shekaranjiya autata Rabi ta zo mini wuni da 'ya'yanta, ta tarar ba wuta, ƙanƙarar da ta sa wa rai duk ta narke a firij. Ta zube a tsakar gida tana fifita da murfin kwano, ta ce, "Umma, anya an taɓa yin azumi mai wuya irin wannan?"

Dariya ce ta kama ni. Na ce mata an yi, tun ba a haife ta ba, kuma ko firij ɗin da za a yi wa ƙorafi ba mu da shi. Abin mamakin shi ne, duk azumin da na yi a duniya babu wanda nake tunawa da murmushi kamarsa.

A lokacin muna zaune a tsohon gidanmu na Soron Ɗinki, ni da maigidana, wanda unguwa ke kira Malam Ilu Tela, da mahaifiyarsa Iya, da yaranmu biyu ƙanana. A zaure yake ɗinki, da baƙin keken nan na ƙafa. Daga cikin gida ina iya sanin halin da yake ciki ta ƙarar keken. In yana cikin nishaɗi sai ka ji tana tafiya ɗaya ba tsayawa, in wani ya ɓata masa rai sai ta riƙa fizga.

Da daminar da ta gabaci wannan azumin ne babur ya kayar da shi wajen Ƙofar Mazugal, yana dawowa daga sayen zare. Ƙashin ƙwaurinsa na dama ya karye har gida biyu. A asibiti aka yi masa aiki, aka shimfiɗa wani dogon ƙarfe a jikin ƙashin, aka ɗaure da kusoshi. Da ya dawo gida har tsokanar yara yake yi, yana ce musu yanzu babansu rabi mutum ne rabi babur. Likita ya ce kada ya wahalar da ƙafar sai an daɗe. Malam ya ce to. Amma da ya ga ya ajiye sanda, sai ya koma kan kekensa, yana cewa ai taka keke ba tafiya ba ce.

Aka ga watan azumi cikin tsakiyar bazara. Rijiyar gidanmu ta ja baya, sai an ƙara wa guga igiya, abin da zai fito kuma rabinsa laka. Masu ga-ruwa suka zama kamar manyan baƙi, in ka ji muryarsu a lungu har takalmi kake mantawa. Randa biyu gare mu a gindin bishiyar dalbejiya. Iya takan naɗe su da tsohon buhu ta riƙa yayyafa masa ruwa tun la'asar, don a samu mai sanyi da magariba. Yara duk ƙurajen zafi sun feso musu a wuya. Da rana in abin ya yi tsanani mukan jiƙa zani mu lulluɓa, kafin ka gama juyawa ya bushe.

Aikina a bayyane yake. Da safe in surfa wake in jiƙa tsamiya, in kai niƙa kafin layi ya yi tsawo, da yamma in dama kunu in soya ƙosai, hayaƙin itace na shiga idona ga maƙogwaro a bushe. Shi kuwa Malam, azumi ne kakarsa. Yadudduka sun fara taruwa a zaure tun watan Sha'aban, kowa da nasa alkawarin.

A makon farko na lura in ya sha ruwa ba ya cin abin kirki. Sai ya ce sanyi yake ji, ya nemi bargo, a garin da kowa ke neman inda iska za ta taɓa shi. Na ce zazzaɓin sauro ne. Rannan ina wanki sai na ga ƙafar wandonsa ta dama ta yi tauri da wani tabo rawaya-rawaya, ga wari. Na bar wankin, na aika a kira shi daga zaure.

"Malam, ɗaga mini wandon nan in gani."

"Me za ki gani, Dije? Aiki nake yi."

"Aikin zai jira. Ɗaga."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ɗaga. Wurin tsohon ɗinkin ya kumbura yana sheƙi, ya yi zafi kamar an ɗauko dutsen guga. A tsakiya ga wata 'yar ƙofa da ba ta fi ƙwayar dawa ba, mugunya na tsattsafowa. Da na kai yatsa gefe sai na ji kan wani abu mai tauri a ƙarƙashin fata, kuma yana motsi. 

"Tun yaushe?" na tambaye shi.

Ya ce, "An kwana biyu. Na ce bari Sallah ta wuce."

Iya tana bakin ƙofarta tana jan carbi, ashe duk ta ji. Dama tun farko ba ta yarda da maganar ƙarfen ba. Ta ce ita tunda take ba ta taɓa jin an binne ƙarfe a jikin mai rai an zauna lafiya ba. Nan take ta aika unguwar Gwammaja aka kira wani tsohon maɗori, Baba Audu, wanda ya taɓa yi mata ɗorin hannu. Ya zo bayan la'asar, ya zauna, ya shafa ƙafar a hankali.

Can ya ce, "Hajiya, ƙashi na sani. Wannan kuwa akwai aikin wasu a ciki. In na sa hannu zan cuce shi. Ku mayar wa waɗanda suka sa shi, kuma gobe, ba jibi ba."

Iya ta so ta yi musu, amma ta ga fuskarsa. Ya yi addu'a ya tafi, ko kunun da na ce zan zuba masa ya tafi da shi bai tsaya karɓa ba.

Washegari maƙwabcinmu Malam Garba, shi ma tela ne, ya samo mana tasi. Muka wuni a asibiti kan benci, leɓe ya bushe, aka ɗauki hoton ƙafar. Likitan wani siriri ne mai magana ƙasa-ƙasa. Ya ɗaga hoton a jikin taga ya nuna mana. Ni dai farin ƙarfe na gani da 'yan kusoshi a jere, biyu sun karkace ba kamar sauran ba.

Ya ce ƙwayoyin cuta sun samu wurin zama a jikin ƙarfen. Ya ce in suka manne wa ƙarfe, magani ba ya cin su yadda ya kamata, domin jini ba ya ratsa ƙarfe balle ya kai musu maganin. Kusoshi sun saki, kuma yawan motsin da ake ba ƙafar ya ƙara sassauta su. Amma akwai labari mai daɗi: da alama ƙashin ya kama, don haka za a iya cire ƙarfen a wanke wurin.

Malam ya gyara zama ya ce, "Likita, a bari bayan Sallah mana. Kayan mutane ne a hannuna."

Likitan ya ajiye hoton. Ya ce, "Malam, in ciwon nan ya ci cikin ƙashi sosai, ba maganar cire ƙarfe za mu yi ba, maganar ƙafar za mu yi. Ka fahimce ni?"

 Na ji zufa na bin bayana har ƙugu.

Ya ba mu ranar da za a yi aikin, cikin goman ƙarshe na azumi. Kafin nan, magani safe da rana da yamma, ƙafa a ɗage, ba taka keke, ba azumi. Wannan na ƙarshen ya fi komai yi wa Malam ciwo. Sai da limamin unguwa ya zo da kansa ya ce masa Allah bai ɗora wa marar lafiya ba, ya rama daga baya, sannan ya yarda. Duk da haka in na kai masa koko da rana sai ya ce in saki labule. Ya juya wa ƙofa baya yana sha a ɓoye kamar yaron da ya saci ƙuli-ƙuli. Rannan 'yarmu babba ta leƙa ta gan shi, ta fita tsakar gida da gudu tana shelar Baba ya karya azumi. Iya ta yi dariya har da hawaye. Wannan ce dariyar farko da aka yi a gidan tun zuwan Baba Audu.

Saura kayan mutane. Aka shigo da keken cikin rumfar tsakar gida, aka jibge yaduddukan a kan gadon Iya. Na tsaya ina kallon tarin, har da kayan marayun gidan Malam Isa da wani bawan Allah ya saya musu, da rigar angon da za a ɗaura wa aure bayan Sallah. Malam Garba ya kwashi manyan riguna ya raba wa telolin layinmu, kowa ya karɓa ba tare da an roƙe shi sau biyu ba, alhali su ma nasu ya sha musu kai. Amma abin da ya rage ba kaɗan ba ne.

Malam ya gwada takawa da ƙafar hagu, ta dama na kan turmi da matashi. Hagun ba ta saba ba. Keken ya riƙa komawa da baya, zare na tsinkewa, shi kuma duk jijjigar tana tafiya har cikin ciwon. Ya dafe kai. Ina tsugune ina tsince wake, sai na lura matakin keken ai ta baya ma ƙafa na iya kai masa.

Na ce, "Malam, in na zauna ta can na taka, kai ka riƙe yadin fa?"

Ya ce, "Ke kin taɓa taka keke?"

"Ka taɓa ba ni na ƙi?"

Na jawo kujera 'yar tsugunno, ta yi gajarta. Na kife babban kwando na ɗora matashi, ya yi daidai. Muka zauna muna fuskantar juna, keke a tsakani. Sai a lokacin kunya ta kama ni, ga ni gaba da gaba da miji, surukata na kallo. Na ja mayafi na rufe rabin fuska. Iya ta ce, "Ke 'yar nan, ajiye kunyar nan a gefe, bayan Sallah kya ɗauka."

Ranar farko ɓarna muka yi. In ya ce taka sai in zabura kamar an biyo ni, in ya ce tsaya sai na ƙara taku biyu. Muka ɗinke hannun wata riga da jikinta. Muka karya allura. Ya ce, "Dije, ba daka kike yi ba, lallaɓa shi." Na ce shi ma ya riƙa magana da wuri, ba sai an kai bakin rami ba. Kafin la'asar mun warware fiye da abin da muka ɗinka, ga ƙafafuna na rawa, ga yunwa.

Amma a hankali ƙafata ta koyi hannunsa. Na daina jiran ya yi magana. In na ga kafaɗarsa ta ɗan ɗaga na san kwana ta zo, sai in sassauta. In ya sunkuyar da kai na san layi ne miƙaƙƙe, sai in sake wa keken. Shekarunmu da aure ban taɓa zama na kalli fuskarsa tsawon wuni irin haka ba. A nan na san yana ɗan fito da harshe in yana ɗinka aljihu. Da na faɗa masa ya ce ƙarya nake yi, Iya ta ce tun yana yaro haka yake.

Gidan ya koma kamar shago. Da sassafe, kafin rana ta yi ƙarfi, Malam ya yi yanka a kan tabarma, ƙafa a miƙe. Daga hantsi zuwa azahar mu hau keke. In rana ta take kowa ya nemi inuwa ya kwanta, in wanke masa ciwon da ruwan gishiri mai ɗumi yadda nas ta koya mini, in canza auduga. Bayan la'asar matan maƙwabta su shigo da allurarsu. Matar Malam Garba, Asabe, ita ce gwanar gidan maɓalli. Wata ta yi kalmasa, wata ta hura gawayin dutsen guga. Suka ɗauke mini girki gaba ɗaya. Kafin a kira salla kwanuka sun fara shigowa: kunun gyaɗa daga nan, ɗanwake daga can, wani gidan ɗan dabino a ƙulle a takarda. Shekarar ba ta yalwa ba ce, gero ya yi tsada, kowa a takure yake. Amma ban taɓa ganin kwanuka da yawa a tsakar gidanmu kamar na wannan watan ba. Yanzu in Rabi na son yi wa wani alheri sai ta tura ta waya, kuma yana isa, ban ce ba ya isa ba. Mu dai a lokacin da ƙafa alherin ke zuwa, ya zauna, ya yi hira, ya tafi da kwanonsa.

Ba kullum ake dariya ba. Akwai yammacin da zazzaɓin ya rufe shi har haƙoransa na haɗuwa, ƙafar ta yi suntum. Na shiga bayan ɗaki na yi kukana, na wanke fuska da ɗan ruwan da ya rage a buta, na fito. Iya ta dube ni, ta matsa ta ba ni wuri a kan tabarmarta.

Ana saura kwana kaɗan a kwantar da Malam a asibiti, garin ya yi wani irin cif, ko ganye ba ya motsi. Muna kan keke bayan azahar sai gabas ta yi baƙi. Iska ta taso ta kwashi ƙyallaye ta watsa sama. Kafin mu ankara manyan ɗigo sun fara bugun kwanon rumfa. Asabe ta yi ihu, "Kayan mutane!" Muka bazama, wannan ta rungumi shadda, wannan ta ja tabarma, ni da Iya muka ja keken zuwa ƙofar ɗaki. Malam na zaune da ƙafa a kan turmi yana ba da umarnin da ba mai ji. Da muka gama kwashewa sai muka tsaya cikin ruwan haka nan. Ƙamshin ƙasa ya tashi. Indararo ya fara zuba, muka jera duk wani abin tara ruwa da ke gidan, har tukunyar kunu. Yara suka yi tsirara suna tsalle. Iya, da tsufanta, ta ɗaga fuska sama ido a rufe, baki a damtse don kar ɗigo ya shiga ya karya mata azumi. Malam ya ce a miƙo masa ruwan a kofi, tunda shi an yafe masa. Ya sha muna kallo, ya ce, "Kai, ku yi haƙuri, amma da daɗi." Asabe ta ce saura kaɗan ta jefe shi da kwarkwaron zare.

Ranar aiki ni da Malam Garba muka raka shi. Na zauna a baranda ina karanta duk abin da na haddace, ina maimaitawa. Da likitan ya fito yana riƙe da wani ɗan kwanon silba, sai na miƙe na tare shi. Ya ce, "Malama, kwantar da hankalinki. Ƙashi ya kama, mun wanke wurin." Ya nuna mini ƙarfen a cikin kwanon, duk tsawonsa bai kai cokalin miya ba. Ya ce kusa ɗaya ta karye, guntunta ya nutse a cikin ƙashi, haƙo shi zai fi barinsa illa, don haka sun bar shi, za su riƙa dubawa. Malam zai zauna a asibiti ana yi masa allurai har bayan Sallah. Na ce, "Ƙafar dai tana nan?" Ya ce, "Tana nan." Na durƙusa a wurin na yi sujada a kan siminti, ban damu da masu wucewa ba.

Kafin a kwantar da shi mun gama kusan komai, telolin layi suka ƙarasa sauran. Sai na tuna shi ko hula sabuwa ba shi da ita. Dama haka yake duk shekara, ya tufatar da unguwa ya je idi da tsohuwar riga. Akwai wani farin yadi da ya ajiye tun bara. Na shimfiɗa tsohuwar rigarsa a kai na zana da alli, na yi bismilla na yanka. Da na hau keken ta gaba sai na gane ƙafata kawai ta iya. In na kalli hannuna ƙafa ta tsaya, in na tuna ƙafa ɗinki ya karkace. Yadda na yi na gama, sai ranar Sallah Malam ya ji.

Bayan an sauko daga idi muka tafi asibiti, ni da Iya da yara. Ba mu daɗe ba sai ga mutanen unguwa, ƙungiya-ƙungiya, kowa sanye da abin da aka ɗinka a rumfarmu. Nas ta gaji da hana su ta ƙyale. Marayun gidan Malam Isa suka jeru a gaban gadon suna jujjuyawa don ya gani. Yana kwance yana kama bakin rigar kowa yana duba ɗinkin, yana cewa wannan hannun Garba ne, wannan namu ne ni da Dije. Sauran majinyata har tashi zaune suka yi suna kallo.

Da aka ɗan ragu na ciro rigar daga jaka na miƙa masa. Ya warware ta. Hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, wuyan ya ɗan karkata hagu. Ya juya ta ciki ya bi ɗinkin da yatsa, ya daɗe bai ɗago ba.

"Ke kika riƙe yadin," ya ce. "To wa ya taka miki?"

 Iya ta yi gyaran murya, ta ɗan ja zaninta sama, ta nuna masa ƙafafunta da suka kumbura har idon sawu.

Ta ce, "Kai ka ce ba daka ba ne. Wallahi daka ne."

Malam ya yi dariya har nas ta leƙo, sannan ya rufe fuska da rigar, kafaɗunsa na motsi. Da ya sauke ta idanunsa jawur. Ya ce a taimaka masa ya saka. Muka ɗaga shi ni da Malam Garba, muka zura masa. Malam Garba ya kama dogon hannun ya ce in an sallame shi ya kawo ya rage masa.

Malam ya janye hannunsa ya ce, "Kar wanda ya taɓa mini ita."